Bikin zuma a watan Mayu a Sloveniya, da batun medica

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya. Ni ɗalibi ne ɗan Kano, ina karatun digiri na biyu a Ljubljana, babban birnin Sloveniya. Wani abokin karatuna ya gayyace ni ƙauyensu kusa da Radovljica, ya ce ranar 20 ga Mayu masu kiwon zuma na yankin za su taru da iyalansu da maƙwabta, a yi bikin ƙudan zuma, a ɗanɗana zuma iri-iri, a sha wani abu da suke kira medica. Abin da ya ɗaure mini kai, shi da bakinsa ya ce mahaifinsa bai ɗebi zumar bana ba tukuna. To murnar me ake yi tun ba a ga amfani ba? Sannan medica ɗin nan, zuma da ruwa ce kawai ko giya ce? Ba na son in kunyata wanda ya gayyace ni, ba na kuma son in kai abin da bai halatta ba bakina. In je, ko in ba da uzuri?"

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abu uku ka haɗa: me ya sa ake biki a Mayu tun zumar bana ba ta shigo hannu ba, mece ce medica, da kuma ko ka amsa gayyatar. Bari in fara da na ƙarshen don hankalinka ya kwanta. Ka je. Medica giya ce, ita kam ka bar musu abarsu, amma sauran abin da ke wurin ya ci kuɗin motarka har da ƙari. Na daɗe ina kiwon zuma a ƙasar Zazzau, ina kuma koya wa masu shigowa sana'ar, kuma ziyarar ƙaro ilimi ta taɓa kai ni wannan yanki na Gorenjska da abokinka ya fito. Da abin da idona ya gani can da abin da hannuna ya sani a nan zan amsa maka.

Abin da ake wa murna

Mu a nan ƙudan zuma ba ya hutu. Ko cikin hunturu yana fita kiwo, hasali ma a lokacin ne gawo da mangwaro da kaɗanya ke fure, ɗorawa ta biyo baya. Shi ya sa da ka ji bikin zuma hankalinka ya tafi ga irin kalankuwa, a kai amfani gida sannan a yi wasa. A can lissafin daban ne. Daga wajen Nuwamba har ƙarshen Fabrairu, wata shekarar har cikin Maris, ƙudan zuma a kulle yake cikin amya. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 ba ya iya tashi ya yi nisa, ko ya tashi ma babu furen da zai sauka a kai. Sai su dunƙule wuri ɗaya, sarauniya a tsakiya, suna karkaɗa naman da ke motsa fukafukansu, wannan karkarwar ce ke fitar da ɗumin da ke riƙe da ransu. Na gefe in sanyi ya ci su sai su kutsa ciki, na ciki su fito gefe. Makamashin wannan aiki zuma ce, wadda mai amya ya bar musu, ko ruwan sukarin da ya ba su wajen Agusta suka adana, abin da ya kai kilo 15 ko fiye ga amya ɗaya.

Duk tsawon watannin nan mai kiwo ba shi da damar buɗe amya ya duba, don in ɗumin ya fita shi ya kashe su da hannunsa. Iyakarsa ya kara kunne jikin katako. In ya ji gunji ƙasa-ƙasa, iri ɗaya, ya san suna nan. Ranar farko da aka samu ɗumin rana, ƙudan na fitowa su yi bayan gida, domin ba sa yi cikin amya, sai ka ga dusar ƙanƙarar da ke gaban rumfar da ake jera amyoyi ta yi ɗigo-ɗigon rawaya. Amyar da aka ga wannan a gabanta tana da rai. Wadda ƙofarta ta zauna shiru, in aka buɗe sai a tarar da su zube a ƙasa, wasu kawunansu cikin ramukan saƙa inda suka mutu suna neman abinci. Wani lokaci ma zuma na nan tazarar tafin hannu daga inda suka dunƙule, sanyi ya hana su isa gare ta.

Ga kuma varroa, wani ɗan ƙwaro ja dangin kaska, girmansa bai kai milimita 2 ba. Asalinsa jikin ƙudan zuman Asiya yake, ya bazu a Turai daga shekarun 1970. Yana shiga ramin tsutsa kafin a rufe shi, ya hayayyafa a ciki, ya ci jikinta, ya kuma sa mata cutar da ke sa ƙuda ya fito da nakasassun fukafukai. Namu na Afirka ya fi jure masa, amma a can amyar da ba a yi wa magani ba da wuya ta wuce shekara biyu ko uku. To mutumin da ya shiga Mayu da amyoyinsa a raye, cike da ƙwai da tsutsa, yana da abin godiya tun bai ga cokali ɗaya na zuma ba.

Sai dai a ganina ba godiyar kaɗai ce ta sa suke kiran maƙwabta ba, kuma a nan nake so ka sa ido. Bi lissafin nan. Daga ƙwai zuwa fitowar ƙuda mai aiki kwana 21 ne. Bayan ya fito yakan yi kamar mako uku yana aikin cikin gida, shara, renon tsutsa, ginin saƙa, gadin ƙofa, kafin ya fara fita kiwo. Wato mako shida ke nan. Itacen da suke kira akacija, wanda ke ba su farar zumarsu, a Mayu yake fure, kuma furen ba ya wuce kwana 10 zuwa mako biyu. Ƙudan da zai kwaso wannan fure, tun farkon Afrilu aka yi ƙwansa. Sarauniya kuwa, wadda in ta samu yadda take so tana iya zuba ƙwai har 2,000 a rana, ba ta sakin jiki sai garin fure yana shigowa amya, don da shi ake ciyar da tsutsa. Garin furen nan daga itatuwan leska da vrba yake fara zuwa, sannan regrat, wani ɗan haki mai rawayan fure da ke rufe filayen ciyawa, sannan gonakin tuffa da ceri.

Yanzu ka tambayi kanka, waɗannan duk a filin wa suke? Ƙuda na yin kilomita 3 daga amya ta kowace fuska a kiwon yau da kullum, abin da ya kai murabba'in kilomita 28. Mai amya ba shi da ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ƙasa. Manomin da zai yanke ciyawar shanunsa mako guda kafin regrat ya gama fure, mai gonar tuffa da zai yi feshi da tsakar rana furanni a buɗe, matar da za ta zaɓi abin da za ta shuka a ƙofar gidanta, ma'aikacin hukumar gari mai injin yankan ciyawa, a hannun waɗannan zumar mahaifin abokinka take. Kuma sun ga abin da ke faruwa in aka yi sake. A 2011, a yankin Pomurje da ke arewa maso gabashin ƙasar, ƙudan zuma sun mutu birjik lokacin shukar masara, aka gano maganin ƙwarin da aka shafa wa irin, mai suna clothianidin, shi ne sila. A wannan shekarar gwamnatinsu ta hana shi a irin masara, Tarayyar Turai kuwa sai 2018 ta hana amfani da shi da 'yan'uwansa biyu a fili gaba ɗaya. A Ljubljana inda kake ma, in ka lura za ka ga an bar ciyawar wasu filayen hukuma ta yi tsawo a wannan lokaci. Ba sakaci ba ne, jira ake furen ya gama.

Mayu da Yuni ne kuma lokacin da amya ke rabuwa. In ta cika ta tumbatsa, ma'aikata sai su gina ɗakunan sabbin sarauniyoyi, tsohuwar ta fice da kusan rabin jama'arta, su sauka a reshen itacen wani su dunƙule, 'yan leƙen asiri na can suna neman sabon gida. Ƙudan da ke wannan hali cikinsa cike yake da zuma, ba shi da saƙa ko 'ya'yan da zai kare, ba kasafai yake harbi ba. Maƙwabcin da bai san haka ba, maganin feshi zai ɗauko. Wanda ya taɓa zuwa irin taron da aka gayyace ka, ya ga yadda ake karkaɗe dunƙulen cikin akwati a tafi da shi lafiya, waya zai ɗauko ya kira mai zuma. Don haka ake tara mutane a Mayu, ana ba yara burodi da zuma, ana raba irin furanni, ana buɗe rumfa kowa ya leƙa. A wannan wata ne abin da maƙwabci ya yi ko ya bari ke yanke hukuncin zumar shekara. Zumar da za ka gani a kan tebur, yawancinta ta bara ce.

Ita ranar 20 ga Mayu kanta ta tunawa da haihuwar Anton Janša ce, ɗan ƙauyen Breznica da ke kusa da Radovljica, wanda aka haifa a 1734. Zane ya kai shi Vienna, amma kiwon zuman da ya gada a gida shi ya fito da sunansa: a 1770 sarauniya Maria Theresa ta naɗa shi malamin farko na makarantar kiwon zuma da ta kafa a can. Ya rubuta littafi kan rabuwar amya a 1771, yana cikin waɗanda suka fara koyar da cewa a sararin sama sarauniya ke haɗuwa da namiji, ya rasu a 1773 bai cika shekara 40 ba. Ƙungiyar masu kiwon zuma ta ƙasar, wadda tushenta ya koma 1873, ita ta ɗauko maganar a ware wa ƙudan zuma rana a duniya, gwamnati ta kai gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, aka amince a Disamba 2017, aka fara a 2018. A 2022 kuma UNESCO ta sa kiwon zuman Sloveniya cikin al'adun da duniya ta gada. Ƙasa ce da mutanenta miliyan 2 ne da 'yan kai, amma masu kiwon zumanta sun haura 10,000, shi ya sa da wuya ka shiga ƙauye ba ka ga rumfa ba.

Abin da za ka gani

Amyarsu ba a saman itace take ba irin tamu ta gargajiya, ba kuma a warwatse a fili ba. Ana jera su cikin rumfar katako mai rufi da suke kira čebelnjak, amya kan amya, ƙofofin ƙuda na fuskantar waje, mai kiwo kuma ta baya yake shiga. Kowace amya tana da ƙyaure a bayanta, in an buɗe sai ka tarar da raga, ka ga ƙudan na aiki ba tare da sun fito maka ba. Ta nan ake zaro katakan saƙa ɗaya bayan ɗaya, babu ɗaga akwati mai nauyi, shi ya sa za ka ga dattijo da ya manyanta ƙwarai yana aikinsa a zaune. Sunan amyar AŽ, Anton Žnideršič ne ya tsara ta a farkon ƙarni na 20.

Ƙudansu kranjska sivka ne, jikinsa toka-toka, kuma shi kaɗai doka ta yarda a kiwata a ƙasar. Sanyin halinsa sai ka gani da ido. Na tsaya kusa da wani dattijo ya zaro katakon saƙa maƙil da ƙuda, hannu ba safa, riga mai gajeren hannu, yara kewaye da shi, ya sa ɗan yatsa yana ture su a hankali har ya nuna musu sarauniya mai ɗigon fenti a baya. Namu na nan in ka yi masa haka zai bi ka har cikin gari, ya haɗa da akuyar maƙwabci. Don haka ka sha kallo, amma kada ka dawo gida da wannan sakin jiki.

Za ka ga gaban amyoyin da fenti kala-kala, wasu da zane. Tsohuwar al'adarsu ce, mafi daɗewar katakon da aka sani mai ɗauke da shekara na 1758 ne, kuma gidan tarihin kiwon zuma da ke cikin Radovljica, wanda aka buɗe a 1959, cike yake da su. Akwai na addini, Annabi Ayuba na yawan fitowa a ciki, akwai kuma na barkwanci, kamar namun daji ɗauke da maharbi za su kai shi kushewa. Fentin yana da amfani ga ƙudan ma: yana rarrabe shuɗi da rawaya, ja ne ba ya gani a matsayin ja, kuma in amyoyi suka yi yawa a jere launin na taimaka masa ya gane ƙofar gidansu.

A teburin ɗanɗano ka fara da mai haske ka ƙare da mai duhu. Ta akacija fara ce tas, ruwa-ruwa, tana daɗewa ba ta daskare ba. Ta itacen lipa tana da wani sanyi-sanyi a harshe. Ta itacen kostanj ja ce mai duhu kuma tana da ɗaci, kada ka ɗauka ta lalace. Wadda za ta fi ba ka mamaki ita ce ta daji, wadda ba daga fure take ba sam. Wasu ƙananan ƙwari ne ke tsotsar ruwan itatuwan smreka da jelka su fitar da zaƙi, irin darɓar nan da ke sauka a ganyen dawa, ƙudan zuma ya kwashe ya mayar da ita zuma mai duhu da kauri. In kuma ka ga kwalbar da ta daskare ta yi tsaki-tsaki, ba sukari aka zuba ba. Halin zumar fure ke nan in ta kwana biyu, musamman a sanyi. Wannan zargi ya jawo wa masu zumar gaskiya asara mai yawa a kasuwanninmu, kuma ina so ka dawo ka taya ni faɗa.

Medica

Zumar da ta nuna, ruwan da ke cikinta kashi 17 zuwa 18 ne cikin 100, kusan duk sauran sukari ne. A irin wannan kauri yis ba ya iya aiki, shi ya sa zuma ke shekaru ba ta lalace ba. Ma'aunin duniya ma ya ce kada ruwanta ya wuce kashi 20. Da ruwa ya haura haka, yis ɗin da ke kwance a cikinta sai ya farka ya fara cin sukarin, yana fitar da iska da barasa. Mu ma a nan muna ganin farkon wannan aiki ba da niyya ba. Wanda ya yanki saƙa tun ƙuda bai rufe ta da kaki ba, ko ya matse ta haɗe da tsutsa, ko ya bar jarka a buɗe cikin damina, bayan 'yan makonni zai ga kumfa ta taso, jarkar ta kumbura, in ya kwance murfi iska ta fito da ƙara, wari mai tsami-tsami ya bugi hancinsa. Shi ya sa nake koya wa ɗalibaina su kifa saƙar da ba a gama rufewa ba su girgiza: in ta ɗiga, a mayar wa ƙuda abarsa, ba ta nuna ba.

Medica ita ce wannan abu in aka yi shi da gangan. Ana dama zuma kashi ɗaya da ruwa kashi biyu zuwa huɗu, a zuba yis, a bar shi makonni yana aiki, sannan a tace a ajiye watanni ya kwanta. Barasar da ke ciki takan kai ta giyar inabi, wajen kashi 10 zuwa 15. A da, daga ruwan da aka wanke saƙa bayan an matse ta ake yin ta, shi ya sa a garuruwansu mai yin medica da mai yin kyandir da mai gasa biskit ɗin zuma sau da yawa mutum ɗaya ne, kowane ɓangare na saƙa da inda yake shiga. Ba su kaɗai ke da ita ba. Habasha na da tej, kuma a Jiahu ta ƙasar Sin an gano alamar abin sha na zuma da shinkafa da 'ya'yan itace a jikin tukwanen da suka kai shekara 9,000.

Abu biyu za su iya ruɗa ka. Na farko zaƙi: tana da launin zuma da ƙamshin zuma, zaƙin na rufe ɗacin barasa, wanda bai sani ba zai ɗauka lemo ne. Na biyu, sunan yana yawo. Wasu na kiran barasa mai ƙarfi da aka zuba wa zuma medica ita ma, kuma wannan ƙarfinta ya ninka na farkon. Za ka iya ganin medeno žganje, medeni liker ko medena penina a jikin kwalba, duk giya ne. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta rubuta yawan barasa a jikin abin sha in ya wuce kashi 1.2, amma a taron ƙauye yawancin kwalaben na gida ne, babu takarda. Wadda ba ka ga an dama a gabanka ba, ka bar ta.

Hukuncinta ba sabon abu ba ne da sai an yi kirdado. A Bukhari da Muslim, Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito cewa an tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da bit'u, abin sha da mutanen Yaman ke yi da zuma, ya ce duk abin sha da ya sa maye haramun ne. Sayyidina Umar ma da ya lissafa a kan mumbari abubuwa biyar da ake yin giya da su, zuma na ciki, tare da inabi da dabino da alkama da sha'ir. Kuma abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, don haka babu maganar a taɓa a harshe don a faranta wa mai gida. Warakar da Suratun Nahli ta ambata tana ga zuma. Zuma da ruwa da aka dama yanzu aka sha yanzu, ko da lemun tsami a ciki, wannan halal ne tas, kuma galibi ana yi wa yara irinsa a wurin.

Kada ka jira sai an miƙo maka kofi a gaban jama'a. Ka gaya wa abokinka tun yanzu, shi ya gaya wa iyayensa. Mai gida a can da ƙaramin kofi yake tarar baƙo, karramawarsa ke nan, in ya sani tun da wuri zai tanadar maka ruwan tuffa, babu wanda zai ji kunya. In wani ya miƙo duk da haka, ka ce "Hvala, ne pijem alkohola", wato na gode, ba na shan barasa, ya wadatar. Ka kuma kula da abinci fiye da yadda ka zata: kranjska klobasa naman alade ce, zaseka kitsensa ne, kuma ana zuba barasar rum cikin wani kek nasu mai suna potica a wasu gidajen. Ɗigon propolis, wato danƙon da ƙuda ke liƙe amya da shi, da ake sayarwa a ƙananan kwalabe shi ma yawanci cikin barasa ake narka shi.

Akwai inda ilimina ya tsaya. Ni mai kiwon zuma ne, ba malamin fiƙihu ba. Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagaya giya a kansa, kuma yadda wannan ya shafi taron fili mai rumfuna da yawa, da wanda ke zaune cikin waɗanda ba Musulmi ba, tambaya ce da ya kamata ka kai wa limamin masallacinku na Ljubljana, wanda ya san garin. Abin da ni na yi shi ne, na je da hantsi, na yi zagayen rumfa da ɗanɗanon zuma da kallon aikin yara, na ci abinci a inda babu kwalba, da yamma ta yi aka fara zaman sha da kiɗa na yi sallama. In kuma wani fadan coci ya zo sa wa amyoyi albarka, kamar yadda ake yi a wasu ƙauyuka, ka ja gefe cikin mutunci har a gama.

Kafin ka fita

Ranar nan ka haƙura da turare, ko na jiki ko na kaya. Na san wannan da wuya ga Bakano, amma ƙamshi mai ƙarfi na jawo ƙuda kuma yana harzuƙa shi. Ka sa kaya masu haske, kada ka tsaya a gaban ƙofar amya don hanyarsu ce, kada ka kai wa ƙuda duka in ya zo yana shawagi. In ya harbe ka, ka kankare ƙarin da farce nan take ka matsa daga wurin, domin harbin na barin wari mai kiran sauran. Kumburi da zafi a wurin ba komai ba ne. In kuwa ka ji numfashi na sarƙewa, ko leɓe da fuska na kumbura, ko jiri, a kira 112 ba tare da jira ba.

Tsarabar da ta dace ita ce tukunyar fure ko ɗan dashen itace mai fure. Gaisuwarsu ta 'yan sana'a "Naj medi", addu'a ce ta zuma ta zuba, ka yi wa dattijon ita za ka ga fara'arsa. Sannan ka tambaye shi amya nawa ya shiga sanyi da su, nawa suka fito. Daga nan zai buɗe maka hira, kuma a amsar za ka gane irin shekarar da ya yi.

Ina da roƙo guda. Ka lura da waɗanda suka zo taron da ba masu zuma ba, musamman manoma, ka ji abin da ake roƙonsu. Mu a nan ranar 20 ga Mayu ta faɗo ne bayan babban ɗibanmu, farkon damina, don haka ba ita ce ranar da ta fi mana amfani ba. Lokacin da muke buƙatar irin wannan zama shi ne wajen Yuli da Agusta kafin a fara feshin wake, da kuma Nuwamba kafin a fara ƙona daji. Ina so in tara masu amya da masu gonakin da ke kewaye da mu a ƙauye ɗaya tukuna, a ba kowa ɗanɗanon zuma, mu roƙe su su mayar da feshi yamma lis bayan ƙuda ya koma gida, su kuma aiko mana kwana ɗaya kafin su yi. Ka rubuto mini yadda su can suke shawo kan manomansu, da wanda yake fara magana a taron, mai zuma ne ko shugaban ƙauye.